Yadda Ake Halartar Bikin Kiɗan Rokabili da Tsofaffin Motoci a Garin Senigallia na Italiya

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Agusta, garin Senigallia da ke bakin tekun Adriatik a lardin Ancona na ƙasar Italiya yakan cika maƙil da baƙi saboda bikin Summer Jamboree, wanda aka fara a shekarar 2000 domin raya kaɗe-kaɗe da raye-raye da ado da motocin Amurka na shekarun 1940 da 1950. Mazauna garin ba su wuce 45,000 ba, kuma tsohon garin da ake yin yawancin shagalin a cikinsa ƙarami ne ƙwarai, mutum zai iya ratsa shi da ƙafa cikin minti goma sha biyar. Wannan ƙanƙantar ita ce daɗin bikin, ita ce kuma wahalarsa, domin ɗakunan kwana da wuraren ajiye mota da kujerun gidajen abinci duk an yi su ne daidai da ƙaramin gari, ba daidai da dubban mutanen da ke kwararowa daga ƙasashen Turai da wajenta ba. Saboda haka shirin da ya dace shi ne wanda ya fara da masauki, sannan ya tsara yini bisa zafin rana, sauran abubuwan kuma su biyo baya.

Kafin komai, yana da kyau ka san irin kiɗan da za ka tarar. Rokabili ya tashi ne a kudancin Amurka a tsakiyar shekarun 1950, inda kiɗan karkara na farar fata ya haɗu da kiɗan bulus na baƙar fata. Cibiyarsa ita ce ƙaramin ɗakin naɗar faifai na kamfanin Sun a birnin Memphis, wanda Sam Phillips ya kafa, inda Elvis Presley ya naɗi faifansa na farko na kasuwa a watan Yulin 1954, sannan Carl Perkins da Johnny Cash da Jerry Lee Lewis suka biyo baya. Kayan kiɗan ba su da yawa: jita ɗaya ko biyu, ƙatuwar bas mai tsirkiya huɗu wadda ake tsayar da ita a ƙasa, wani lokaci da 'yan ganguna ko fiyano. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar Stray Cats ta sake farfaɗo da shi, kuma tun daga lokacin Turawan Ingila da Jamus da Suwidin da Italiya suka riƙe shi hannu bibbiyu. Shi kansa bikin Senigallia bai tsaya kan rokabili kaɗai ba, akwai suwin, wato kiɗan rawa na manyan ƙungiyoyin masu busa, da bulus da waƙoƙin haɗa murya, kuma manya irin su Chuck Berry da Jerry Lee Lewis sun taɓa hawa dandamalinsa.

Mataki na farko shi ne tsayar da kwanaki. Masu shirya bikin sukan sanar da ranakunsa watanni kafin lokaci a shafinsu na intanet, yakan kuma ɗauki fiye da mako guda. Ba lallai ba ne ka zauna daga farko har ƙarshe. A ganina kwana uku sun isa wanda bai taɓa zuwa ba, musamman idan ya haɗa rana ɗaya ta tsakiyar mako da Juma'a da Asabar. Ranar tsakiyar mako ita ce za ta ba ka damar zagaya gari a tsanake ka gane hanyoyinsa, ƙarshen mako kuma shi ne lokacin da motoci suka fi yawa, saboda masu su da dama ma'aikata ne da ba sa samun fita sai Asabar da Lahadi.

Da zarar ka tsayar da kwanaki, sai ka nemi masauki nan take, kada ka jira fitowar cikakken jadawalin makaɗa, domin kafin ya fito ɗakuna masu sauƙin kuɗi sun ƙare. Dalili kuwa shi ne bikin ya faɗo daidai lokacin da Italiyawa da kansu ke tururuwa zuwa bakin teku hutun bazara, ga kuma garin da ya yi suna da rairayinsa mai laushi na tsawon kilomita 13. Otal-otal ɗin da ke jere a bakin teku sukan fifita wanda zai yi mako guda, wasu ma sukan haɗa kuɗin ɗaki da na abinci, don haka ka karanta sharuɗɗan da kyau kafin ka biya. Idan ka samu ɗaki a cikin tsohon gari, ka sani cewa kiɗa da hayaniya za su kai tsakar dare har su wuce. Mai tafiya da ƙananan yara ko dattijo gara ya ɗan matsa gefe, ya riƙa takowa. Idan cikin gari ya gagara, akwai Marzocca a kudu, da Marotta da Fano a arewa, da Falconara da Ancona, dukkansu a kan layin dogo ɗaya. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke shiga matsala: manyan makaɗa ba sa hawa dandamali sai dare ya yi, jiragen ƙasa na yanki kuwa suna raguwa sosai a wannan lokaci. Kafin ka biya kuɗin ɗaki a wani gari, ka duba lokacin jirgin ƙarshe daga Senigallia zuwa can, ka tambayi kanka ko ka yarda ka bar kiɗa a tsakiya don ka same shi, domin tasi a daren biki tana da wuyar samu kuma tana da tsada. A kowane masauki za a nemi fasfo ko katin shaida na kowane baƙo, doka ce ta ƙasar, kuma akan karɓi ɗan harajin kwana dabam da kuɗin ɗaki.

Sai batun takardu. Wanda ke zaune a Italiya ko wata ƙasa ta yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu bizar shiga iri ɗaya, da izinin zama ba ya buƙatar komai sai ya riƙe fasfonsa da katin izininsa. Wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar ko Gana kuwa yana buƙatar bizar Shengen ta ɗan gajeren zama, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, tare da inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki da ta tikitin dawowa, da fasfon da zai ci gaba da aiki wata uku bayan ranar fita. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma tunda bazara ce lokacin da ofisoshin biza suka fi cunkoso, wanda ya bari sai watan Yuni ya sa kansa cikin zullumi.

Hanya mafi sauƙi ta shiga garin ita ce jirgin ƙasa. Senigallia tana kan layin da ya taso daga Bologna ya bi ta Rimini da Pesaro da Fano ya nufi Ancona. Daga Bologna tafiyar ta kai wajen awa biyu, daga Ancona kuwa ba ta kai rabin awa ba. Mai tasowa daga Roma zai bi layin da ya ratsa duwatsu ta Fabriano, yawanci ya sauya jirgi a Falconara Marittima, wadda kuma a yankinta ne filin jirgin saman Ancona yake. Idan tikitin takarda ka saya na jirgin yanki, ka saka shi cikin ɗan injin da ke tasha ya buga masa lokaci kafin ka hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara ko da ka biya kuɗinka cif. Tashar tana wuri mai kyau, tsakanin tsohon gari da teku: ka fito ta gaba ka tarar da ganuwar Rocca Roveresca, tsohuwar fadar tsaro ta zuriyar della Rovere da aka gina a wajejen 1480, ka bi ta ƙarƙashin layin dogo ka fito bakin ruwa.

Zuwa da mota ba na ba da shawararsa sai ga wanda ba shi da wata hanya. Babbar hanyar A14 tana da mafita a Senigallia, amma tsakiyar gari akan rufe ta a kwanakin biki, kuma kamar sauran garuruwan Italiya akwai titunan da aka taƙaita shigarsu, masu alamar ZTL, waɗanda na'urar ɗaukar hoto ke gadi. Tarar takan iso ne watanni bayan an manta da tafiyar. Idan dole ne, ka ajiye motar a wajen gari tun da rana ka ƙarasa da ƙafa, kuma mai lasisin ƙasar da ba ta Tarayyar Turai ba ya haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa.

Game da sutura, kada ka ɗauka sai ka yi shigar 1955 za a bar ka ka shiga. Masu sha'awar abin sukan yi ado na gaske, maza da wandon jins mai naɗaɗɗen ƙafa da gashin goshi da aka tayar da man gashi, mata da siket mai faɗi da jan baki da ɗankwali, amma mafi yawan jama'ar da ke wurin tufafinsu na yau da kullum suke sanye da su. Abin da ka fi buƙata shi ne tufafin auduga marasa nauyi, hula, da takalmi mai taushi wanda ka riga ka saba da shi, saboda za ka yini a tsaye bisa dutse da bulo. Macen da ke son ta shiga ado ba tare da ta saki suturarta ba ba za ta sha wahala ba, domin dogon siket da riga mai hannu da ɗaurin kallabi duk suna cikin adon wancan zamani. Wanda kuma ke son askin zamanin, akwai masu aski da masu gyaran gashi da ke kafa rumfuna a wurin, sai dai a je musu da wuri kafin layi ya yi tsawo.

Ranar da ka isa, ka samu jadawalin bikin a waya ko a takarda, sannan ka yi zagaye ɗaya da rana don ka san wurare huɗu. Na farko shi ne Foro Annonario, wani zagayayyen fili mai ginshiƙan jan bulo da aka gina a 1834, inda 'yan gari ke cin kasuwar kayan lambu da kifi da safe. Na biyu shi ne Piazza Garibaldi, babban filin da ke gaban majami'ar garin. Na uku lambun da ke kewaye da Rocca, inda rumfunan 'yan kasuwa da na abinci suka fi taruwa. Na huɗu kuma Rotonda a Mare, wani zagayayyen gini na 1933 da ke tsaye a kan ruwa, wanda gada ke kai mutum cikinsa. Kaɗe-kaɗen da ake yi a filayen gari kyauta ne, wasu shagulgulan dare da darussan rawa na ƙwararru ne kawai ake sayen tikitinsu.

Tsarin yini shi ne abin da ya fi raba wanda ya ji daɗin bikin da wanda ya koma gida a gajiye. Zafin rana yakan kai awo 30 ko fiye, kantuna da dama sukan rufe daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, kuma a wannan tsakanin babu wani abin kirki da ke gudana a tsakiyar gari. Ka yi kamar yadda 'yan gari ke yi: ka fita da safe, ka ci abincin rana, ka koma ɗaki ka kwanta, ka fito bayan la'asar da gorar ruwanka a cike. Ruwan famfo na garin ana shan sa. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, wato kana da awa uku na haske mai laushi, kuma waɗannan awoyi na motoci ne.

Kallon motoci yana da ladubbansa, kuma a nan ne baƙo ke saurin ɓata wa mutane rai ba da saninsa ba. Doka ta farko ita ce ba a taɓawa. Ba a jingina da mota don ɗaukar hoto, ba a ɗora yaro a kan bonet, ba a buɗe ƙofa ko da an bar gilashi a sauke. Idan za ka leƙa ciki, ka maida hannuwanka baya, ka lura da kan bel ɗinka da zik ɗin jaka da igiyar kyamara, domin su ne ke karce fenti. Fentin irin waɗannan motoci kuwa yakan ci kuɗin da ya fi na wata sabuwar ƙaramar mota. Mai motar ba ya nisa, yawanci shi ne wanda za ka gani a kujerar naɗewa a bayanta, ko durƙushe da tsumma yana goge yatsun da wani ya bari a jikin bamba. Ka gaishe shi, ka tambaye shi shekarar motar da yadda ya same ta. Tambaya ɗaya mai ma'ana takan sa ya buɗe maka bonet da kansa, har ya tayar da injin don ka ji ƙararsa. Tambayar nawa ya saya kuwa a bar ta sai hira ta yi nisa.

Ɗan sani kaɗan yana ƙara armashin kallo. Fikafikan da ke bayan motocin Amurka sun fara ne a kan Cadillac ta 1948, suka yi ta girma har suka kai ƙololuwa a Cadillac ta 1959, mai ƙananan fitilu jajaye biyu masu tsini a kowane fiffike. Daga nan suka fara ja da baya. Idan ka ga mota da fitilun gaba huɗu, galibi ta 1958 ce ko bayanta. Chevrolet Bel Air ta 1955 zuwa 1957 ita ce wadda za ka fi yawan gani, sau da yawa da fenti kala biyu, kuma a 1955 ne kamfanin ya fito da ƙaramin injinsa mai silinda takwas wanda har yau makanikai ke dasa shi a motoci iri-iri. Buick ana gane ta da 'yan ramukan ado a gefen gaba, Ford Thunderbird ta farko kuma, ta 1955, kujerar mutum biyu gare ta. Sannan ka rarrabe gida biyu na masu motocin. Akwai waɗanda burinsu su maida mota yadda ta fito daga masana'anta, har kan ƙusa. A Italiya wasunsu sukan liƙa ɗan allon tagulla na ƙungiyar ASI, wadda ke tantance tsofaffin motoci tun 1966. Akwai kuma masu sauya fasali, waɗanda ke ɗaukar Ford ta 1932 su cire mata murfin taya su bar injin a waje, ko su yanke ginshiƙan rufin Mercury ta 1949 zuwa 1951 su sauke shi ƙasa har gilashin ya zama siriri. Kada ka yaba wa na farko da cewa ya iya gyare-gyare, kada kuma ka tambayi na biyu dalilin da ya sa ya lalata mota.

Idan akwai jerin gwanon motoci a ranar da kake nan, ka nemi wurin tsayawa da wuri kamar yadda ake yi ranar hawan Sallah, ka zaɓi kusa da kwana inda dole direba ya rage gudu, rana kuma ta kasance a bayanka. Ka riƙe hannun yara, saboda yawancin motocin nan suna da nauyi ga birkin tsohon yayi, ba sa tsayawa nan take. Hayaƙinsu ma yana da ƙarfi, mai ciwon asma ya ɗan ja baya.

Abinci yana buƙatar kulawa ga Musulmi, domin yankin Marche, inda Senigallia take, da maƙwabtansa suna yawan amfani da alade, har a inda ba a zato. Gurasar piadina da crescia da ake sayarwa a rumfuna sau da yawa da kitsen alade ake kwaɓa su, soyayyen zaitun na Ascoli cushe yake da naman da akan haɗa da na alade, haka nan rumfunan gashi irin na Amurka haƙarƙarin alade ne babban abin sayarwarsu. Kalmomi biyu za su taimake ka: “maiale” shi ne alade, “strutto” kuma kitsensa, sai ka tambaya kafin ka saya. Sauƙin abin shi ne garin na masunta ne. Akwai soyayyen kifi da jatan lande, da gasasshen kifi, da taliya da kayan teku, da farfesun kifi da ake kira brodetto, ko da yake wasu masu dafuwa sukan zuba ruwan inabi mai sa maye a miyar kifi, don haka shi ma a tambaya. Fiza mai tumatir da cuku tana ko'ina. Gidajen abinci sukan cika daga ƙarfe takwas, wanda ya zauna ƙarfe bakwai ko ya kama tebur tun da rana ya huta da layi, kuma kada ka yi mamakin ɗan kuɗin zama da ake ƙarawa a kan kowane mutum a takardar biya. Batun salla kuwa, ɗakinka shi ne wuri mafi natsuwa. Alƙibla tana kudu maso gabas, wato idan ka tsaya a bakin ruwa ka sa teku a hannun hagu kana fuskantar wajen Ancona, ka yi kusa da daidai. Magariba takan faɗo daidai lokacin da fili ya fara cika, saboda haka masauki na kusa yana da wannan ƙarin amfani.

Da dare sai kiɗa. Ka isa filin minti talatin kafin lokacin da aka rubuta, ka zaɓi wurinka bisa abin da ka zo yi: gaban dandamali na masu rawa ne, gefe na masu kallo, bayan rumfar masu sarrafa sauti kuma nan ne kiɗan ya fi fita daidai. Aƙalla sau ɗaya ka matsa kusa ka kalli mai bas. Yakan sa yatsu ya fizgo tsirkiya ta koma ta bugi katako, sannan ya mari tsirkiyoyin da tafin hannu tsakanin bugu da bugu, har ka ji wani ƙas-ƙas da za ka rantse ganga ce, alhali wasu ƙungiyoyin ba su da mai ganga sam. Yatsunsa galibi naɗe suke da filasta. Rawar kuma iri uku ce a wajen 'yan rokabili: ta mutum biyu mai juyi da sauri, ta mutum ɗaya mai buga ƙafa, da ta sahu-sahu wadda mata suka fi yi, kowa na taka irin takun na kusa da shi. Wanda ba ya son riƙe hannun kowa zai iya shiga ta biyu ko ta uku, kuma idan aka gayyace ka rawa ka ce a'a cikin murmushi, babu mai jin haushi. Kada dai ka ratsa tsakiyar masu rawa da abin sha a hannu. Ana sayar da barasa a fili, amma filayen tsakiyar gari cike suke da iyalai da tsofaffi da jarirai a keken turawa har wajen sha ɗaya na dare. Babban shagalin bakin teku mai adon tsibirin Hawai da wasannin da ake yi bayan tsakar dare su ne suka fi zama na matasa da masu shaye-shaye, mai iyali ba zai yi asarar komai ba idan ya bar su. Yara ƙanana a toshe musu kunne, a kuma rubuta lambar waya a saka musu a aljihu; lambar neman agaji a Italiya ita ce 112.

Sayayya a bar ta sai rana ta ƙarshe, bayan ka zagaya rumfuna ka ga farashi. Ka riƙe 'yan tsabar kuɗi ko da yake yawancinsu suna karɓar kati. Ana ɗan yin ciniki a kan tsofaffin kaya, amma ragin ba ya da yawa, kuma taya rabin kuɗi yakan zama cin fuska. Idan faifan garmaho za ka saya, ka zaro shi ka karkata shi a haske ka duba karce, ka tambaya ko bugun asali ne ko sabon bugu, saboda faifan da ke ɗauke da tambarin Sun mai ruwan ɗorawa an sha sake buga su. Kada ka bar faifai a cikin mota ko a rana, zafi yana lanƙwasa shi. Tsofaffin tufafi kuma a gwada su a jiki, domin awon wancan zamani ya fi na yanzu ƙanƙanta.

Tikitin komawa ka saye shi tun ranar da ka sayi na zuwa, musamman idan jirgi mai kujerar da ake kamawa za ka hau zuwa Milan ko Roma, saboda ƙarshen mako a watan Agusta, gab da hutun 15 ga wata, layin dogon bakin teku da hanyar A14 duk cushewa suke yi. Idan jirgin sama za ka kama a Bologna ko Roma, ka bar tazarar jirgin ƙasa ɗaya aƙalla tsakaninka da lokacin tashi, kuma ka tambayi masaukinka tun da dare ko za su ajiye maka kaya bayan ka miƙa makullin ɗaki da safe.